Abin da Ke Cikin Ƙwaryar Inna

Ranar wata Lahadi ce a ƙarshen damina, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu huɗu ne a tsakar gidanmu da ke Azare: ni, da matata, da mahaifiyata wadda duk gidan ke kira Inna, sai 'yarmu ta fari, wadda ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wannan zangon. Ina kishingiɗe a kan tabarma, matata tana tsince shinkafa, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana jiran madarar da ta tafasa ta huce.

Yarinyar tana da gwaji washegari a darasin kimiyya, kan yadda ake bambance abu mai rai da marar rai. An ba su alamomi bakwai, ta kuwa haddace su tsaf: motsi, numfashi, cin abinci, girma, hayayyafa, fitar da abin da jiki ba ya so, da jin abin da ke faruwa a kewaye. Tun bayan azahar take zagaya gidan tana yanke wa kaya hukunci. Akuya mai rai ce. Turmi marar rai. Darbejiyar ƙofar gida mai rai ce, ko da yake ta ɗan tsaya tunani a kan maganar motsi. Ni ma an duba ni, aka ce na cika shida, ana shakkar ta farko, don tun da na kwanta ban juya ba.

Daga nan ta iso kan wata ƙaramar ƙwarya da ke gefen Inna, rufe da faifai. Ta ɗaga faifan, ta leƙa.

"Kindirmo," in ji ta. "Marar rai."

Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Wa ya faɗa miki?"

"Ai ba ya motsi."

"Wancan ma ba ya motsi, ga shi can a tabarma."

"Yana cin abinci?"

"Kullum. Wa kike tsammani nake dafa wa madarar nan? Ke?"

"Yana numfashi?"

"Toshe shi a roba kwana biyu, ki ga in robar ba ta kumbura ba."

"To, yana haihuwa?"

"Ludayi ɗaya nake zubawa da yamma, da safe ƙwarya ta cika. Akuyar uwarki ta taɓa yin haka?"

"Haba Inna, wannan ai madara ce kawai ta daskare."

"To, 'yar boko, ajiye madarar ita kaɗai, ki ga abin da za ta zama."

Matata tana dariya har shinkafar na zubewa daga tire.

Ni ne "wancan". Ni ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce ta asali, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana son wani abu daga gare ni, jikarta take faɗa wa, ko da ina zaune a wurin. Ita jikar kuwa suna biyu gare ta a bakin Inna: ƙawata in ana shiri, 'yar boko in ana musu.

Abin da ke cikin ƙwaryar shi Inna take kira iri, wato ragowar kindirmon jiya da ake zubawa a sabuwar madara don ta kama. A wajen Katagum aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta haife mu. Da babanmu ya rasu aka danƙa 'yan shanun da suka rage a hannun dangi, muka dawo da ita Azare. Ba ta kawo kaya da yawa ba. Amma ƙwaryar nan a cinyarta ta zo, naɗe da tsohon zane. Takan ce daga ƙwaryar mahaifiyarta aka ɗebo mata irin ranar da za a kai ta gidan miji, kuma tun daga ranar bai taɓa yankewa a hannunta ba. A Azare ba ta da saniya ko ɗaya. Wata mai nono ce daga wata ruga ta hanyar Misau take kawo mata madara kowace rana da hantsi. Inna ta tace, ta tafasa, ta jira ta huce, ta zuba iri, ta rufe, ta naɗe, ta kai lungun ɗakinta. Firji ba ya ganin ƙwaryar nan, sabulu ma haka. Wannan shi ne aikinta guda a gidan da ba ta yarda kowa ya taya ta ba.

Na san wani abu game da musun da suke yi. A gidan rediyon da nake aiki na sha karanta rahotannin kiwon lafiya da ke cewa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wasu suna kawo cuta, wasu kuma su ne suke mayar da madara kindirmo. Amma ban sa baki ba. Musun kaka da jika ba a raba shi a gidanmu, shi ne nishaɗinmu na yamma. Aka kira magariba kowa yana kan bakansa.

A lokacin Inna tana fama da yanar ido. Dusu-dusu take gani, da murya take gane mutane. Mun daɗe muna jiran layi ya zo kanta a wani asibitin ido a Kano, ana ce mana sai wata mai zuwa. Ranar Litinin da yamma aka bugo waya cewa wani ya fasa, in za mu iya kawo ta washegari da safe za a yi mata aiki. Aka kwana ana haɗa kaya. Matata ce za ta yi jinya, ni zan zauna da yarinyar saboda makaranta da kuma aikina.

Bayan sallar asuba mota ta zo. Har an rufe ƙofa Inna ta sa aka sauke gilashi, ta laluba ta kamo hannun jikarta.

"Ƙawata, ga abin nan a lungu na bar miki. Kada ki bari ya lalace."

"To, Inna."

Abin da aka faɗa ke nan. Direba yana gaggawa, ba wanda ya tuna ya yi bayanin yadda ake yi. Mai kawo madara ma an aika mata ta dakata sai an dawo. Daga baya Inna ta ce nufinta kawai a bar shi a rufe a inuwa, kada kyanwa ta taɓa. Zai yi tsami, amma zai kai.

Aikin ido ya yi kyau. Aka ce su zauna a gidan wani ɗan'uwanmu a Kano sai an sake dubawa a farkon mako.

Ranar Alhamis na dawo daga aiki dab da magariba, na tarar da yarinyar a durƙushe gaban risho, tana juya wani farin abu a ƙaramar tukunya. Ta ɗaura ɗankwali irin na uwarta, fuskarta ɗauke da natsuwar mai aikin da aka ba shi amana.

"Me ake dafa mana?"

"Ba naka ba ne, Baba. Ɗumame nake yi wa abin Inna."

Na tsaya da jakata a hannu. "Tun yaushe?"

"Tun jiya da safe. Safe da yamma, yadda Umma take yi wa miya."

Ta yi mini bayani dalla-dalla, kuma babu inda hankalinta ya karkace. Ranar Laraba ta ɗanɗana ta ji tsami ya ƙaru. A gidan nan, tun tana goye, abin da ta gani shi ne duk abin da ake tsoron ya yi tsami a kan wuta ake ɗora shi: miyar kuka, miyar taushe, wake, har ragowar tuwo. Wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma Inna ta hana firji. Saboda haka ta juye shi a tukunya ta tafasa. Da farko ya ba ta tsoro, don ya tsinke, gudaji a ƙasa, ruwa rawaya a sama. Sai ta ɗauko maburgi ta yi ta burgawa har ya koma kusan yadda yake. Da ta ga ƙwaryar babu komai, ta lura cikinta ya yi wani kauri mai duhu, ta sa soso da sabulu ta dirje shi tas, ta shanya a rana. Ta ɗauko ta nuna mini. Ban taɓa ganin cikin ƙwaryar nan da haske haka ba.

"Ka ga tsamin bai ƙaru ba tun jiya," in ji ta.

Gaskiya ne, bai ƙaru ba. Wannan ne ma ya fi damuna.

Ban ce mata ya mutu ba, don ban tabbata ba. A ido kindirmo ne. A hanci ma kindirmo ne, sai ɗan ƙauri. Na zauna a kan turmi na tambaye ta, in tana son ta san ko abu yana da rai, alhali ba ya motsi, ba a kuma jin numfashinsa, me za ta yi?

Ta dube ni, ta dubi tukunyar. Na ga lokacin da musun ranar Lahadi ya dawo mata.

"Baba, da gaske Inna take yi?"

"Mu gwada mu gani."

"Sai a ba shi abinci," ta ce a hankali. "In ya ci, ya ƙaru, to yana da rai."

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na bi ta kasuwa na samo madarar shanu. Muka yi yadda muka saba ganin Inna tana yi. Muka tace, muka tafasa, muka jira. Yarinyar ta zuba ludayi ɗaya, ta ƙara rabi don a tabbata, ta rufe da faifai, ta naɗe da zanen, ta kai lungun. Kafin ta kwanta sai da ta leƙa ɗakin ya fi a ƙirga.

Da safe ita ta riga ni tashi. Na same ta zaune a ƙasa a ɗakin Inna, ƙwaryar a gabanta a buɗe. Ta karkata ta kaɗan don in gani. Madarar ta gangaro gefe kamar ruwa, da 'yan gudaji suna yawo a ciki, ga wani wari da ba na kindirmo ba.

"Bai ci ba," in ji ta. "Bai haihu ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ni na kashe shi, ko?"

Na ce wuta ce ta kashe shi. Ta ce ita ta kunna wutar. Sai ta fashe da kuka.

Da kukan ya lafa ta kawo shawara: mu sayo kindirmo a kasuwa mu zuba a ƙwaryar, tunda Inna ba ta gani sosai. Na tuna mata cewa gyaran idon aka je yi. Ban da haka, Inna takan ɗanɗani nonon kasuwa ta faɗi ko an sa masa kuka, ko ruwan rijiya aka ƙara ko na famfo. Yarinyar ta mayar da faifan ta rufe ƙwaryar. Ni kuma na fita zaure na kira matata.

Ta saurara har na gama. Na ji ta tashi ta rufe wata ƙofa kafin ta yi magana.

"Innalillahi. Ɗumame? Kindirmo?" Na ji tana ƙoƙarin danne dariya, sai kuma ta daina. "Kada ku faɗa mata yanzu. Likita ya ce ko sunkuyawa kada ta yi, balle kuka. Kullum sai ta tambaye ni ko ƙawarta tana kula da shi."

"To, me za mu yi?"

"Ka je wurin Goggo mana. Ni Inna ta taɓa gaya mini cewa irinsu ɗaya ne."

Goggo ƙanwar babana ce, tana nan a Katagum, a gefen gari ta wajen kogi, da 'yan shanunta da jikokinta. Na ce wa yarinyar ta wanke fuska ta ɗauko ƙwaryar. Kafin rana ta take mun kama hanya a tsohuwar motata. Gero ya yi kai a gonaki, wasu har sun fara yanka. A hanya ta tambaye ni ko Inna za ta daina ce mata ƙawata.

Mun tarar da Goggo a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa, goro a kumatu. Ta tarbe ni da wani sunan yarinta da ba zan rubuta a nan ba. Bayan an gaisa, an tambayi idon Inna, an sha ruwa, na fara bayani a tsare. Ban kai rabi ba ta ɗaga mini hannu.

"Kai, ba labaran duniya kake karanta mini ba. Wa ya yi?"

Yarinyar ta matso, kanta a ƙasa. "Ni ce, Goggo."

"Ke ce mai kisan? Zo nan in ga fuskarki. Da me kika kashe shi?"

"Ɗumame na yi masa."

Goggo ta saki gyaɗar hannunta. Ta yi dariya har sai da ta fitar da goron ta riƙe a hannu. Ta kira surukarta daga ɗaki ta maimaita mata da Fulatanci, ita ma ta kama bango. Da aka miƙa mata ƙwaryar ta ga cikinta fari fes, dariyar ta tsaya. Ta shafa da yatsa, ta sunsuna.

"Wannan kam an yi mata wanka," in ji ta. "To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Inna ta ce tun daga mahaifiyarta bai taɓa yankewa ba," yarinyar ta faɗa, hawaye suna dawowa.

"Ita ta ce muku haka?" Goggo ta mayar da goron baki. "Matar yayana ke nan, ba ta taɓa faɗuwa ba sai dai ƙasa ta taso ta same ta. Saurara, jikata. Shekarar da shanu suka ƙafe saboda fari, wa ta zo wa da ƙwarya a ɓoye cikin zane? Ni. Da ta kwanta zazzaɓi wata guda, wa ta aiko wa? Ni. Na uku kuwa, ga ɓarawon nan zaune." Ta nuna ni da haɓa. "Yana rarrafe ya shiga ɗaki, ya buɗe faifai, ya shanye, ya lashe, ya kifa ƙwaryar a kansa. A haka aka same shi yana barci."

Yarinyar ta juyo ta dube ni, baki buɗe. Wannan labari ban taɓa jin sa ba sai ranar.

"Amma kada ki ce ƙarya ta yi," Goggo ta ci gaba. "Nawa ma daga wurinta na samo, ranar da nawa ya mutu ina amarya. Nata ya mutu ta zo nan, nawa ya mutu in je can. Na uwarta ne dai yake ta yawo tsakaninmu. Abin nan mace ɗaya ba ta iya riƙe shi. Da ta tafi birni ta zauna ita kaɗai da shi, na san wata rana za a zo."

Na ce to, a taimaka a ɗebo mana, don mu koma kafin duhu.

"A ɗebo maka? Kai wa? Ka taɓa ganin an ba namiji iri?" Ta kamo hannun yarinyar. "Wannan zan ba. Ita ma sai ta kwana ta yi da hannunta na gani. Ba zan ba da abin uwar mutane a je a sake yi masa ɗumame ba."

Haka muka kwana a Katagum ba da shiri ba.

Da shanu suka dawo kiwo aka tatso madara, Goggo ta zaunar da ita gaban murhu. Ni daga nesa nake kallo, don an ce mini wurin ba nawa ba ne. Ta sa ta tace da kanta, ta tafasa, ta sauke. Sai ta ce ta sa ɗan yatsanta. Yarinyar ta sa ta cire da sauri.

"Ya ƙone ki?"

"E."

"To, shi ma zai ƙone shi. Abin da yatsanki bai iya zama a ciki ba, shi ma ba zai iya ba. Jira."

Suka jira. Ta sake sawa, ta ce yanzu da dama. Goggo ta ce ta bar yatsan a ciki ta karanta Fatiha. Ba ta kai ƙarshe ba ta cire. Suka ƙara jira. A karo na gaba ta kai har amin. Goggo ta shiga ɗaki ta fito da tata ƙwaryar, baƙa wuluk don tsufa, ta cika ludayi ta miƙa mata. Kafin a zuba sai da ta sa aka shafe cikin ƙwaryar Inna da kindirmon, aka bar ta ta sha, don a kori warin sabulu.

Da gari ya waye muka taru a ƙofar ɗakin Goggo, har da surukarta da yara. Yarinyar ta kwance zanen, ta ɗaga faifan. Ta karkata ƙwaryar kaɗan, yadda ta yi a Azare. Babu abin da ya gangaro. Ta ƙara karkatawa. Ya tsaya cak, fari, sumul, da ɗan maiƙo a sama.

"Baba, ya ƙi motsi!" Ta faɗa da ƙarfi, tana dariya hawaye na zuba. "A littafinmu motsi ne na farko. Shi kuma sai ya ƙi motsi ne yake da rai!"

"Littafinku bai zo Katagum ba," in ji Goggo. "Kawo ludayi, yara na jin yunwa."

Aka dama fura aka sha rabi. Sauran rabin aka rufe, aka naɗe da jiƙaƙƙen zane saboda zafin hanya. Na sa hannu a aljihu, Goggo ta yi mini wani kallo, na fitar da hannun ba komai. Ta ce in gaya wa matar yayanta idan idon ya buɗe ta zo ta ga yadda ta tsufa.

A hanyar dawowa yarinyar ta rungume ƙwaryar a cinya. Duk ramin da na faɗa sai ta ce, "Baba, a hankali mana." Ban taɓa daɗewa haka tsakanin Katagum da Azare ba. Da yamma ta sake yin sabo ita kaɗai, da madarar da Goggo ta cika mana a galan, ya kuma kama.

Su Inna sun dawo ranar Talata bayan azahar. Ta fito daga mota da baƙin gilashi, ba ta nemi a riƙe mata hannu ba. Ta tsaya a tsakar gida tana duban komai ɗaya bayan ɗaya. Ta ce bangon ɗakin girki yana son shafe. Ta ce akuya ta rame. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce wa jikarta, "Ashe wancan har ya yi furfura, ba ku gaya mini ba."

Mun shirya da matata cewa za a bari ta huta kwana ɗaya. Ba a kai ga haka ba. Tana zama a bakin ƙofarta ta ce a kawo mata abinta. Yarinyar ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa. Inna ta cire gilashin, ta ɗaga faifan. Ba kindirmon ta fara kallo ba. Gefen ƙwaryar ta kalla, inda ya yi fari.

"Wa ya yi wa ƙwaryata wanka?"

Yarinyar ba ta jira ni ba. Ta faɗi komai tun daga ranar Laraba, ɗumamen, da sabulun, da madarar da ta ƙi kamawa, da tafiyar Katagum. Ba ta rage ba, ba ta kuma ce ba a yi mata bayani ba.

Inna ta jawo ƙwaryar kusa da ita. Tana ta shafa bakin ƙwaryar da babban yatsa.

"Duhun nan da kika kankare," in ji ta daga baya, "tun hannun uwata yake. Wannan babu shi a Katagum."

Matata ta sunkuyar da kai. Yarinyar tana durƙushe, hawaye suna ɗiga a kan gwiwarta, ba ta share ba.

Can sai Inna ta ce, "Me waccan mai bakin ta gaya muku?"

"Ta ce naki ya taɓa mutuwa sau uku."

"Ƙarya take yi. Sau biyu ne."

"Ta ce na ukun Baba ne ya shanye, ya kifa ƙwaryar a kansa."

Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Matata ta ce, "Inna, likita fa ya hana," abin da ya ƙara tsananta lamarin.

"Wannan ba mutuwa ba ce," ta ce da ta samu numfashi. "Sata ce. Wani yaro ne marar kunya a gidan, ban san ɗan wa ba ne."

Ta karɓi ludayi ta ɗiba, ta riƙe a baki kafin ta haɗiye. Muna kallon ta mu uku.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kin yi gaggawa. Madarar da sauran zafi kika zuba, shi ya sa ya ɗan yi ruwa a ƙasa." Ta sake ɗiba. "Amma shi ne."

Ranar ba ta kira ta ƙawata ba, ba ta kuma kira ta 'yar boko ba. Da za ta ba ta saƙo, "ke" ta ce. Washegari ma haka. Yarinyar ta lura, ni ma na lura. Ta riƙa dawowa daga makaranta ta zauna nesa kaɗan da ƙofar, tana kallon yadda ake tace madara. A yammaci na uku Inna ta sauke tukunya, ta zauna, ta yi kamar tana neman wani abu a gefenta.

"Ƙawata, ina yatsan nan naki? Zo ki ji mini ko ta huce. Nawa ya tsufa, ba ya jin zafi."

Ta taso da gudu har ta yi tuntuɓe da faifan.

Bayan wata huɗu aka kira Inna a yi wa ɗaya idon aiki. Kafin ta tafi ta aika da ludayi guda gidan maƙwabciyarmu ta dama, wani kuma ta ba mai kawo madara ta kai ruga. Ƙwaryar ta bar wa jikarta, aka ce mai madarar ta ci gaba da zuwa kullum.